Zobba a Cikin Ƙura

Da hantsi manajan kamfanin fasa dutse ya shigo caji ofis, gumi ya jiƙa masa riga, ƙura ta yi masa furfurar da ba tasa ba.

"Ranka ya daɗe, an damfare mu! Wata injiniya ta kafa mana na'urar jabu. Jiya ta yi bindiga, bel ɗin da ke jan duwatsu ya tsaya cak, duwatsu suka zubo suka karya wa leburanmu hannu. A kama ta!"

Sufeto mutum ne da ihu ba ya sa shi sauri. Ya ɗauki hularsa, ya yafito Kofur, suka bi shi.

Kamfanin kuwa ba wurin zuwa da fararen kaya ba ne. Injin niƙa dutse na ruri, ƙasa na rawa a ƙarƙashin takalmi, ga zafi kamar a bakin murhu. A gindin wata rumfa akwatunan ƙarfe uku ne a jere, kowanne ya kai tsawon mutum. Injiniya na tsaye a gabansu, 'yar siririya, ta rungume hannu.

"Ke kika kafa waɗannan?"

"Ni ce, Yallaɓai. Inbata ce a cikin kowanne. Ita ke ƙara wa injin gudu ko ta rage, ya tashi a hankali maimakon ya fizga. Ba ta son ƙura, ba ta son zafi, ba ta son ruwa, kuma duka ukun akwai su a nan. Shi ya sa na liƙe ƙofofin da roba, na sa wa kowane akwati esi mai sanyaya shi."

"Manaja ya ce jabu ce."

"In an rubuta haka, na gama aiki a garin nan, ko ƙwan fitila ba mai ba ni in ɗaura. Amma ka buɗe ka gani. Ni aikina ba ya jin kunyar ido."

Ta buɗe na farko da na biyu, sanyi ya bugo su. Sufeto ya shafa yatsa a ciki, ya fito tas. Na ukun kuwa ƙauri ya fara tarbar su. Inbatar ta yi baƙi, ƙura ta kwanta a ƙasan akwatin da kan na'urar. Sufeto ya tsuguna. A cikin ƙurar akwai zobba zagaye-zagaye, kamar an ajiye wani abu an ɗauke.

"Ta ina ƙura za ta shiga?"

"Ta ƙofa kawai. Kuma ba buɗewa ɗaya ba ce wannan."

A ofis, Sufeto ya tambayi wanda ke riƙe da makullin akwatunan.

"Ita kaɗai," in ji Manaja.

"Biyu ne," in ji Injiniya. "Na ba ka ɗaya ranar da na gama."

Manaja ya sosa ƙeya. "Af, haka ne. Na ba wa foman, shugaban leburorinmu. Ƙanin matata ne, ko tsinke ba ya ɗauka."

Aka kira Foman, wani ƙato mai tawul a wuya.

"Makulli? Wallahi tun makon farko ya ɓata. Ni da wutar lantarki ko gaisuwa ba ma yi, Yallaɓai."

Sufeto ya dubi wani firji da ke kusurwa, an jibga masa takalman aiki a kai.

"Wannan fa?"

"Ƙura ta kashe shi tun bara," in ji Manaja.

Sufeto ya fita bakin get, wurin wata dattijuwa mai sayar da ruwa da lemo, ya sayi gora ɗaya.

"Baba, ciniki fa?"

"Alhamdu lillahi, ɗana, sai dai ƙanƙara ta yi tsada. Foman ne kawai ya hutar da ni. Da can sai ya matse kowace gora yana mitar ba sanyi. Yanzu da zafinsa yake saye, da sassafe, ya ce yana da dabararsa."

"Tun yaushe?"

"Tun da yarinyar nan ta kawo akwatunanta."

Sufeto ya murɗe murfin gorar, shuɗi ne, ya daɗe yana kallonsa.

Ya tara su duka a gaban akwati na uku. Ya ɗora gorarsa a kan ɗaya daga cikin zobban, ta zauna daram. Sannan ya sa Kofur ya haska tocila a bayan inbatar. Kofur ya zura hannu ya zaro wani shuɗin murfi da ya narke rabi.

"Foman, ina kake sanyaya ruwanka?"

"Ni? Da zafinsa nake sha."

"To juyo mana aljihunka."

Foman ya tsaya ƙiƙam. Kofur ya taimaka masa, makulli ya faɗo a kan siminti. Nan ƙaton nan ya saki jiki.

"Yallaɓai, zafi ne. Duk kamfanin nan ba inda ke da sanyi sai cikin akwatin nan. Jiya na kurɓa na mayar a kan na'urar, ban ɗaure murfin sosai ba. Girgizar inji ta kifar da gorar. Da na ji ƙarar na kwashe sauran kafin mutane su taru." Ya juya ga Manaja. "Yaya, ka yi haƙuri."

"Ni za ka ba haƙuri? Kai ka ce min jabu ce! Ka je asibiti ka ba mai karyayyen hannu. Yanzu me zan gaya wa yayarka?"

"Sakaci da ya jawo rauni, da ƙazafi," in ji Sufeto. "Kofur, sa masa ankwa."

Manaja ya matso kusa da Injiniya, kunya ta ishe shi. "Ranki ya daɗe, na ci mutuncinki a banza. Za ki sake kafa mana wata?"

"Zan kafa. Amma ka fara gyara firjin can." Ta dafa akwati na biyu, wanda ke ta aikinsa a cikin ƙurar, murna ta cika mata fuska. "Ka ji ta, Yallaɓai? Ko tari ba ta yi ba."

Sufeto ya ji daɗi har cikin ransa, ya sara mata kamar yadda yake sara wa na gaba da shi.

A bayan mota Foman ya ce ƙishi yake ji. Kofur ya miƙa masa wata gora da ta wuni a rana.