Kek ɗin da Buhu Bai Ci Ba

Ranar da ta fara shiga shagon gyaran tabarau, tabarau ɗinta a hannu yake, ƙafarsa ɗaya ta karye.

"Sannu da aiki, Malam. Wata yarinya ce a ajina ta zauna a kai," in ji ta, tana ƙanƙance ido. "Don Allah ka ce min zai gyaru."

Ya karɓa ya juya shi a hannu. "Zai gyaru. Zauna, Malama."

Ba ta ganinsa sosai, ta dai ga inuwar dogon mutum siriri cikin rigar da ta yi masa yawa. Sai da ya gama ya miƙa mata, ta saka, ta ɗago ta kalle shi.

"Au! Ashe haka kake."

Dariya ta kuɓuce masa. Shi kansa sai da ya yi mamaki, don ya daɗe bai ji muryarsa tana dariya ba.

Buhu ake ce masa a layin, tun suna makaranta sunan ya bi shi. A da ya cancanci sunan: ko igiyar takalmi ba ya iya ɗaurewa sai ya yi haki. Bayan ciwon zuciya ya ɗauke mahaifinsu, likita ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya. Ya dage, ya rage ci, ya kama tafiyar ƙafa, har ya zubar da kusan rabin jikinsa. Kowa ya gan shi sai ya yaba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ƙibar ta tafi ta bar masa tsoro. Biskit ɗaya in ya ci, sai ya ji kamar ya yi sata. Ya hana kansa abincin gaba, ya yi ta zagaye unguwa har ƙafa ta yi tsami. Abokai suka gaji da gayyatarsa, tunda in ya je ruwa kawai yake sha yana kallon bakin mutane. Yayarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa, tana aure a wani gari. Da rana yakan ja labulen bayan shago ya ci dafaffen ƙwai da ganye shi kaɗai, yana fuskantar bango.

Malama kuwa ta ci gaba da zuwa. Yau ɗan abin da ke zama a kan hanci ya kwance, gobe gilashi ya yi dishi-dishi. Shi ma ya san lafiyar tabarau ɗin ƙalau, amma sai ya ɗauko ƙaramin sukudireba ya yi ta ɗaure abin da yake a ɗaure.

Daga nan aka koma waya.

"Likitan idona, yau yara sun tambaye ni me ya sa nake murmushi ni kaɗai. Na ce musu sabon gilashi ne."

"Malamata, ni ba likita ba ne, mai gyara ne kawai. Amma ki ce musu mai gyaran ma haka yake fama a shago."

Da magana ta yi ƙarfi, ta kai shi gida ya gaida iyayenta. Umma ta cika masa tire da soyayyen nama da kek da lemo mai sanyi. Ya dubi tiren, ya kau da kai. Ya ɗauki ruwa ya kurɓa, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake.

Yana fita Umma ta tafa hannu.

"Ke, wannan yaron ko dai ciwo yake ɓoyewa, ko kuma raina mu ya yi. An ce min da ƙato ne, dubi yadda ya zube! Ga ɗan ƙawata nan, lafiyayye, ranar da ya zo har kwano ya suɗe ya nemi ƙari."

"Umma, miji ake nema ko mai wanke kwano?"

"Rufe min baki. Ni dai ban yarda ba."

Abba ya ci gaba da karatun jaridarsa.

Malama ta ƙudura za ta ƙaryata Umma. Ranar haihuwarsa ta gasa kek da hannunta, ta kai masa shago a cikin robarta mai jan murfi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta godiya.

Da ta tafi ya ja labule ya zauna da robar a cinya. Ƙamshin ya cika wurin. Ya gutsuri ɗan gefe ya saka a baki, daɗin ya ratsa shi har ido ya kawo ruwa. Nan take tsoron ya taso. Ya ga kansa ya cinye duka, ya ga tsohon jikinsa yana dawowa, ya ji dariyar yara a bayansa. Ya rufe robar, ya kai wa tela maƙwabcinsa.

Da yamma ta biyo ta layin daga makaranta. Ta tarar da tela a ƙofar shago, robarta a gabansa, yana lashe yatsa.

"Malama, ke kika yi? Allah ya yi wa hannun nan albarka! Ai Buhu ba ya cin abin hannun kowa, mu muke morewa."

Ba ta leƙa shagon tabarau ba. Ta juya ta tafi.

Ya kira, ba ta ɗaga ba. Ya tura saƙo, shiru. Kwanaki suka yi ta wucewa. Duk wanda ya turo ƙofar shago sai ya ɗago da sauri, sai ya ga wani ne. Tela ya gaya masa ta ga kek ɗin a wurinsa, ya kuma ba shi labarin wata mota da ake yawan gani a ƙofar gidansu Malama. Ya koma bayan labulensa, ƙwan ma ya kasa wucewa.

Ran nan da hantsi ya zauna ya rubuta mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Malamata, na ci kek ɗinki. Ɗan gefe na gutsura, kuma ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Daɗin ne ya tsorata ni. Tun da na rame nake jin in na ci abu mai zaƙi sau ɗaya, komai zai rushe in koma yadda nake. Na san ba hankali a ciki, amma haka nake kwana, haka nake tashi. Ban raina ki ba, ban raina Umma ba. Kunya ce ta hana ni faɗa. In kin zaɓi wani ba zan ga laifinki ba, ina dai so ki san gaskiya."

Ba ta ba da amsa ba. Ana tashi daga makaranta sai ga ta a ƙofar shago, idonta ja.

"Shi ne ka bar ni ina ta zargin hannuna? Har girkin na sake yi a gida in ji ko gishiri na zuba a madadin sukari."

"Ki yafe min."

"Tun yaushe kake ɗauke da wannan kai kaɗai?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Ka ji, ni malamar yara ce, ban san maganin wannan ba. Amma akwai waɗanda suka sani. Za ka koma wurin likitanka ka gaya masa kamar yadda ka gaya min. Ni zan raka ka, in zauna a waje."

Haka aka yi. Likita ya haɗa shi da wata mai ba da shawara kan cin abinci, ya riƙa zuwa. Abin bai tafi lokaci ɗaya ba. Wata rana ya ci rabin biskit lafiya, wata rana ya kira Malama a tsorace, ta yi ta ba shi labarin shirmen 'yan ajinta har ya manta.

Saura Umma. Ya shirya ya koma gidan, ya tarar da Abba shi kaɗai a barandar gaba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya zayyana masa komai, har da takardar likita da ke nuna lafiyarsa ƙalau.

Abba ya ture takardar. Ya waiga ya dubi ƙofar falo, sannan ya zura hannu a aljihu ya zaro cakulan, ya raba biyu.

"Ni kuma nawa ciwon, an ce in rage zaƙi na kasa. Kai an ce ka ɗan ci ka kasa. Karɓi rabi, ka ga ka taimake ni na taimake ka. Yi sauri kafin uwarku ta fito."

Ya karɓa. Ya saka a baki ya tauna.

"Alhaji! Me nake gani haka?"

Umma ce tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Yaron nan ne ya matsa min," in ji Abba, ko kunya babu.

Umma ta dubi mijinta, ta dubi saurayin da ke durƙushe baki cike, dariya ta ƙwace mata. Ashe 'yarta ta riga ta ba ta labari, tun jiya jikinta ya yi sanyi.

"Tashi, ɗana. Da ka faɗa min tun farko, ai da kifi zan gasa maka. Ni na ɗauka ƙyamarmu kake."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Yayarsa ta zo da 'ya'yanta, tsofaffin abokai suka cika wuri suna ta tsokanarsa. Ya zauna a tsakiyarsu da faranti a gabansa, yana ci a hankali, ana hira da shi.

Da za a tafi da amarya, Yaya ta kama hannun Malama ta riƙe gam, hawaye na zuba.

"Ƙanwata, na bar shi shi kaɗai ya daɗe. Ga shi nan, amana."

"Na karɓa, Yaya."

Umma ta dafa kawunansu su biyu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ci tare ku sha tare har tsufa, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Duk wurin aka amsa da amin.