Ƙaryar da Ta Dawo Min da Lachlan

"Kar ka kuskura ka kira sunana!"

Haka na daka wa Lachlan tsawa ta tsakanin wayar shingen sansanin, har Kofur Fintan da ke gadin ƙofa ya waigo.

"Nuala, zuciyata, ki tsaya ki ji..."

"Zuciyar wa? Wadda ka tsallake ka bari ko sallama babu?"

Lachlan ya sunkuyar da kai. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Na ji tausayinsa, na kuma danne abina.

Tun ranar da mai ya ƙare wa jirgin yaƙinsa ya faɗo gonar dankalin babana Malachy na san ɗan Ostireliyan nan mai yi wa Ingila yaƙi fitina ne. Ya fito daga tarkacen, jini na zuba a goshinsa, wai mu yi haƙuri da ɓarnar dankali! Ƙasarmu Ireland ba ta cikin yaƙin da ake yi tsakanin Ingila da Jamus, don haka duk jirgin da ya faɗo mana, na Ingila ko na Jamus, sai a tsare mutanen cikinsa a sansanin Curragh har a gama. Tsarewar ma ta jeka-na-yi-ka ce. Mutum ya ba da alkawari a bakin ƙofa cewa zai dawo, ya haye kekensa ya tafi rawa. In ya dawo ya sauke alkawarin, gudu ya halatta, in ya iya. Amma wanda ya gudu alkawari na wuyansa, manyansa da kansu ke tasa ƙeyarsa su maido shi.

A wajen rawar nan ya sace min zuciya, Baba kuwa ya ce sam.

"Sojojin Sarkin Ingila suka harbe min ƙane, ke kuma ki kawo min mai kakinsu gida?"

Na yi kuka, na yi yajin cin abinci, da ƙyar Baba ya yarda ya zo ran Lahadi a gan shi. Na toya burodi, na roƙo ganyen shayi a maƙwabta don a lokacin nan, shayi ya fi zinariya wuyar samu. Shayi ya huce, Lachlan bai zo ba. Sai Fintan, wanda ya daɗe yana min nacin soyayya ina korarsa, ya zo da hula a hannu da fuskar ta'aziyya. Wai tun fitar Asabar Lachlan bai koma ba, ya tsallaka Arewa, yankin Ireland da ke hannun Ingila, da alkawari a wuyansa.

"Na faɗa miki," in ji Baba. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Yanzu ga shi an maido shi, wai zuciyata!

"Da ƙafarka ma ba ka dawo ba," na ce. "Ɗauro ka aka yi kamar buhun dankali!"

"Na gudu, Nuala, wannan ba zan musa ba. Amma ban karya alkawari ba."

"Ka ji maƙaryaci!"

"Na dawo ran Asabar da yamma. A hannun Fintan na sauke alkawarina. Sai ya bar ƙaramar ƙofa a buɗe, ya juya baya yana kunna taba."

"Kai kuma ka bi ta, kamar akuya!"

"Soja ne ni. Abokaina na mutuwa a sama, ni ina nan ina rawa... Ban yi tunani ba sai da na gan ni a Belfast, can Arewa."

"To me ya hana su ba ka wani jirgin ka je ka mutu?"

Ya matso har wayar na taɓa masa fuska, ya rage murya.

"Fintan ya shaida cewa ban koma ba, don ya rufa wa kansa asiri. Manyana suka tambaye ni ko gaskiya ne. A'a kawai zan ce, washegari in hau jirgin ruwa, ba za ki sake ganina ba."

Na tsura masa ido.

"Me ka ce musu?"

"Na ce gaskiya ne."

Na juya na kalli Fintan. Na yi masa kallon da na gada wajen kakata.

"Fintan! Rantse da kabarin uwarka bai dawo ran Asabar ba!"

Sai ya shiga gyaran igiyar bindigarsa. Jinina ya tafasa.

"Munafuki! Yanzun nan zan je wajen kwamanda, sai an tuɓe maka kakin nan a gaban jama'a!"

"Nuala, a'a!" Lachlan ya kamo yatsuna ta cikin wayar. "In gaskiya ta fito, gudun da na yi halattacce ne, dole su miƙa ni Arewa. Ki zaɓa, masoyiyata... ko sunana, ko ni."

"Ka san abin da ake kiranka a gari?"

"A nan ciki ma ba mai cin abinci kusa da ni. Saboda ni an hana kowa fita."

"Allah ya ƙara! Sakarai kawai... sakarai!"

Ina zaginsa ina kuka, ban kuma saki yatsunsa ba.

Baba kaɗai na faɗa wa, bayan na sa shi rantsuwa. Ya cire lofen tabarsa daga baki.

"Ya dubi idon hafsoshin Sarkin Ingila ya shara musu ƙarya?"

"Eh, Baba."

"Kuma suka haɗiye?"

"Suka haɗiye."

Rabon da in ji dariyar Baba har na manta.

"In sun sake barin sa fita, ki ce masa ya zo. Dankalina dai sai ya biya da gumi!"

Da bazara aka ɗaura mana aure. Cikin abokan jirginsa ba wanda ya leƙo coci. Fintan ne ya karɓi alkawarin fitar ango a ƙofar sansani, yana nan da kakinsa da mutuncinsa. Muna fitowa na ji matan gari a bayana, ba su ko rage murya ba.

"Kaico, 'yar Malachy! Ta rasa wanda za ta aura sai mara alkawari."

Na juya a fusace, amsar na kan harshena. Lachlan ya matse min hannu.

Ni Nuala, da ban taɓa haɗiye magana ba tun ina goye, ranar na haɗiye. Na ɗaga kai, na riƙe mijina, muka ratsa ta tsakiyarsu.