Tambarin Kaguwa

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto Harjono zuwa wani shagon zane a birnin Surabaya na ƙasar Indonesiya. Wening, mai zana tambari, na kwance ƙarƙashin tebur ba rai, an fasa mata kai da ƙarfen huda takarda, jini har bango. An karya mata yatsu uku. Kwamfutarta ta hannu kuma babu ita.

Kafin ya iso maƙwabta sun yanke hukunci. Sun ji ta tana cacar baki da mijinta Darmo jiya, sai suka rufe shi da duka, suka zubar masa da haƙora. Da ƙyar aka ƙwace shi.

"Pak, yallaɓai, wallahi a kan yajin miya muka yi faɗa," in ji Darmo, bakinsa na zubar jini. "Ku tambayi Bagyo. Shi ta ce za ta tona wa asiri."

Shugaban ofis yana so gobe a kai Darmo kotu, a huta. Abin bai kwanta wa Harjono ba ko kaɗan.

Bagyo shi ne ya ci gasar zana tambarin tseren kwale-kwale na bana, wata jar kaguwa riƙe da matuƙi. Harjono ya same shi da azahar yana shan kofi.

"Wa ya zana kaguwar?"

"Ni mana, Pak. Wening ta taɓa yi mini aiki, iyakarta ke nan."

"Ina kake da safe?"

"Gida. Sai sha ɗaya na fita wajen mai buga allunan talla."

Harjono ya nufi can. Mai buga allunan tsohuwa ce, Bu Ningsih, bakinta ba linzami.

"Kai, wannan mutum! Jiya ya kawo mini hoton tambarin, irin na JPG, wai in buga masa mita shida. Na ce Mas, ɗan'uwana, wannan na intanet ne, ɗigo-ɗigo ne, in ka ja shi fashewa zai yi. Ya nace. Ga abin da ya fito can."

Harjono ya duba. Kaguwar ta yi dabbare-dabbare, sai ka ce da bulo aka gina ta.

"Na ce ya kawo fayil na asali, irin da muke kira AI, wanda ko girman gida ka ja shi ba ya fashewa. Duk wanda ya zana abu ai yana da shi. Ya yi ta kame-kame. Yau kuwa ƙarfe sha ɗaya sai ga shi da shi."

"Buɗe mini, Bu."

Zanen hawa-hawa ne, kala a nata, layi a nasa. Can ƙasa akwai hawa ɗaya a ɓoye. Tsohuwar ta danna, sai ga sunan Wening ƙarƙashin kaguwar.

"Shekara tara ina buga mata aiki," ta ce. "Haka take yi wa kowane zanenta."

Suna cikin haka Bagyo ya shigo karɓar allonsa. Yana ganin sunan ya fizgi wuƙar yanka leda, ya tsage wa Harjono hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Harjono ya damƙi gashinsa ya buga fuskarsa da ƙarfen inji, ya sake bugawa, hanci ya fashe. Wuƙar ta faɗi.

"Masu gasar suka ce in kawo na asali," Bagyo ya ce yana tofar da jini. "Na roƙe ta, ta ce da kanta za ta kai musu. Lambar buɗe kwamfutar kawai nake so, Pak. Ta ƙi faɗa."

"Sai da ka karya yatsa na uku ta faɗa?" in ji Harjono.



Harjono ya sa masa ankwa, ya kira ofis ya ce a saki Darmo a kai shi asibiti. Yana jan Bagyo zuwa mota ya ji injin ya tashi. Bu Ningsih ce ke buga allon, mita shida cif, kuma ba ta sake ɓoye sunan ba.