Madubin da Bai Waiwaya Ba

Wanda bai ga daminar Libreville ba, kada ya ce ya san ruwa. A garin nan, in sama ta ɓalle, har kifin teku neman mafaka yake. An ce an taɓa ganin agwagwa a unguwar Akébé tana cinikin laima.

To, a Akébé ɗin nan akwai wata yarinya mai suna Khalida. Shekararta goma sha ɗaya. Tana da wayo, tana da baki. Ciwonta ɗaya ne: ba ta son a riga ta. Ko wanke hannu za a yi, sai ta zama ta farko.

Babanta, Malam Abdulƙahar, makanikin babura ne. Yana da aminai biyu. Akwai Tonton Souleymane, mutumin Maraɗi, mai sabon jan babur. Akwai kuma Kawu Ɗanlaraba, Bakano mai shagon atamfa, wanda ake kiran babur ɗinsa Tsohuwa.

Tsohuwa ta girmi duk yaran unguwar. Tari take kafin ta tashi, tari take in ta tsaya. Duk inda ta bi sai ta ɗigar da baƙin mai. Masu sharri sun ce kunkuru ya taɓa wuce ta a kan hanya, har ya waiwayo ya yi mata sannu.

Wata Asabar a watan Nuwamba, aminan nan uku suka shirya kai yara ganin gangarar ruwa a duwatsun Kristal. Baba ya ce da damina ake zuwa, don da rani ruwan bai fi na famfon gida ba.

Umman Khalida ta yi dafa-duka da kifi banda, tukunya guda. Aka ɗaure ta da roba a bayan Tsohuwa, tunda ita ba ta san gudu ba balle abinci ya zube. Hadidja, ɗiyar Kawu, ta zauna tsakanin babanta da tukunyar. Ita ce ƙawar Khalida, benci ɗaya suke zama a aji.

Kafin a tashi, Baba ya gyara wa Khalida hular kwano. Ya ce ta buɗe kunne da kyau.

"A hanyar damina madubin babur ba ya aiki, laka ke rufe shi. Wanda aka goya shi ne madubi. Duk mararrabar da muka iso, zan tambaye ki, ki waiwaya. In kin ga Tsohuwa, mu wuce. In ba ki gan ta ba, mu tsaya."

Haka aka tsara. Tonton a gaba, ɗansa Ikirama yana duba Baba. Baba a tsakiya, Khalida tana duba Tsohuwa. Hadidja ba ta da wanda za ta duba, sai ta ce ita za ta duba tukunya.

Amma da aka yi dariya aka gama, Hadidja ta jawo hannun ƙawarta. Ta gaya mata a hankali cewa ita fa tsoron daji take.

"Kada ki bari mu ɓace," in ji ta.

Khalida ta ce ta kwantar da hankalinta. Ta ce idonta ko tururuwa ce ta yi hamma can a garin Owendo sai ya gani.

Suka ɗauki hanya bayan sallar asuba. Suka wuce Ntoum gari na wayewa. Can gaba suka sauka daga kwalta, suka hau jar ƙasa. Hanya ta fara hawa da gangara. Itatuwa dogaye, sai ka cire hula kafin ka ga ƙarshensu. Hazo na zaune a kan duwatsu kamar an manta auduga. Wasu birai suka leƙo, suka ga Tsohuwa, suka koma suna ba juna labari.

Sau biyu ana tsayawa jiran Tsohuwa. A tsayawa ta biyu Ikirama ya matso kusa da Khalida. Ya ce daga mararrabar ƙarshe babu sauran jira, kuma wanda ya fara taɓa ruwan shi ne sarkin tafiya. Ya ƙara da cewa ita kam ta yi haƙuri, tunda an ba ta renon Tsohuwa.

Maganar ta tsaya wa Khalida a rai. Ta san ta fi Ikirama gudu a ƙasa. In dai babur ɗinsu na manne da na Tonton, tana dira za ta wuce shi. In kuwa aka ci gaba da jira, shi ke nan.

Suka iso wata gadar katako. Aka tsallaka ɗaya bayan ɗaya. Khalida ta waiwaya, Hadidja ta ɗaga mata hannu. Daga nan sama ta saki ruwa.

Waiwaye cikin ruwa ba daɗi. In ka juya wuya, ruwan sanyi ya bi ta ƙeya ya gangara har baya. Ga hular kwano da nauyi. Ga jan babur can yana neman ɓace musu.

Suka iso mararraba ta farko. Baba ya rage gudu.

"Madubi, suna nan?"

Khalida ta ɗan karkata kai. Ba ta ga komai ba sai gefen hularta da ruwa. A ranta ta ce ai ina za su? Suna nan mana.

"Suna nan, Baba."

Baba ya bi dama. A mararraba ta biyu ko karkata kan ba ta yi ba. A ta uku kuwa, tun Baba bai rufe baki ba ta amsa.

Tun daga nesa suka fara jin rugugi. Suna shan wata kwana, sai ga ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse, yana tada feshi kamar hayaƙi. Babur bai gama tsayawa ba Khalida ta dira. Ta zura a guje, ta bar Ikirama yana kokawa da igiyar hularsa. Ta tsoma hannu a ruwan. Ta ci.

Ta yi rawa a kan dutse. Ta ce daga yau Ikirama ya riƙa ce mata ranki ya daɗe.

Aka zauna jiran Tsohuwa. Ruwan sama ya tsagaita. Cikin Ikirama ya fara ƙugi, yana gasa da gangarar. Tsohuwa dai ana jin tarinta tun daga nesa, amma yau shiru. Tonton ya ciro waya ya ɗaga sama, ya hau dutse ya sake ɗagawa. Babu rezo, wato sabis ɗin waya, ko ɗigo.

Tonton ya ce kada a damu. Tunda madubi ya gan su a mararraba ta uku, ba su yi nisa ba. A je can a bincika kawai. Baba ya ce Allah ya sa haka ne, don mararrabar da yake tsoro ita ce ta farko. Hanyar hagunta tsohuwar hanyar motocin katako ce. Tana gangarawa wani rafi, kuma in an yi ruwa a kan dutse, rafin nan cika yake kafin ka ƙifta ido.

Khalida ta ji sarautarta ta zube a ƙasa. In ta yi shiru, ba wanda zai san abin da ta yi. Amma za a je a yi ta nema a inda ba nan ba ne. Rafi kuwa ba ya jiran kowa. Ta tuna hannun Hadidja a kan nata.

Baba ya riga ya hau babur. Khalida ta matso.

"Baba, ban gan su ba."

"A ta ukun?"

"A duka ukun. Ban waiwaya ba. Rabona da su tun gadar katako."

Baba ya dube ta. Ya share ruwan da ke gemunsa. Khalida ta so a ce faɗa ya yi, da ya fi sauƙi.

"Hau," kawai ya ce.

Suka juya. A mararraba ta uku babu sawu, ruwa ya wanke. A ta biyu ma haka. Da suka iso ta farko, kowa ya sauka yana duba laka. Tonton ya ce ko sun koma gida ne. Ikirama ya ce in sun koma da tukunyar, shi kam ba zai yafe ba.

Khalida kuwa ta kafa ido a ƙasa. Wannan karon da gaske take dubawa. Ta bi kududdufai ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa. A wani ƙaramin kududdufi na hanyar hagu, ta ga launi na yawo a kan ruwa, shuɗi da ja da ɗorawa. Ta matsa gaba, ga wani. Ta ƙara matsawa, ga wani kuma.

"Baba, mai ne. Tsohuwa ta bi nan."

Suka gangara a hankali. Hanyar santsi kamar an shafa mata kuɓewa. Can ƙasa suka hango rafin, jajir da shi, yana tafe da rassan itace. Ga Tsohuwa a bakinsa, ta nutse cikin laka har ciki. Ruwa ya riga ya fara lasar tayarta ta gaba.

A kan tudu kuwa, ga Kawu Ɗanlaraba zaune. Ya yi laima da ganyen ayaba, ya rungume tukunya. Hadidja na gefensa, idanunta sun yi ja.

Kawu ya ba da labari. Ya ce suna wuce gada Tsohuwa ta yi tari ta mutu. Kafin ya lallashe ta ta tashi, sun ɓace masa. Da ya iso mararraba bai ga kowa ba, sai ya ce ai da kwana za a yi, da an jira shi. Ya bi hanyar da ta fi faɗi. Da ya ga rafi ya ɗauka sun tsallaka ne, ya yi niyyar bin su. Tsohuwa ce ta fi kowa hankali, ta kafe a laka ta ce ba da ita ba.

Tonton ya tambaye shi me shinkafa take yi a gemunsa. Kawu ya ce shi bai ci ba. Buɗe tukunyar kawai ya yi, ya ga ko kifin ya ji ƙamshin rafi ya gudu. Ya ce akwai wani biri da ya zo ya ɗanɗana, har ya ce a gai da mai girkin.

Ba a tsaya dogon zance ba, don ruwa na ƙaruwa. Aka ɗaura wa Tsohuwa igiya, manya suka ja ta da baya. Da ta fito, aka juya ta, Kawu ya tada ta, yara suka tura. Khalida ce daidai bayan taya. Tayar ta juya a banza, ta yi mata wanka da jar laka tun daga hula har takalmi. Ikirama ya yi ta dariya har santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas.

Da aka hau tudu, Khalida ta durƙusa gaban Kawu. Ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Kawu ya ce ya yafe, amma ta je ta ba Tsohuwa haƙuri, don ita ta sha wuya.

Hadidja kam ta kau da kai.

"Lokacin da muka tsaya na yi ta ɗaga miki hannu," in ji ta. "Bayan hularki kawai nake gani har kuka sha kwana."

Wannan ya fi lakar ciwo. Khalida ta ce ta yi kuskure, kuma ba ta da hujja. Ta ce don ta riga Ikirama ne ta yi. Hawaye suka yi mata layi biyu a cikin jar laka. Hadidja ta dube ta, ta so ta ci gaba da fushi, amma fuskar ta fi ƙarfinta. Dariya ta ƙwace mata. Ta ciro hankici ta miƙa mata.

Baba ya dafa kafaɗar Khalida.

"Da kin ce mini ba ki gan su ba, minti biyar za mu tsaya. 'Ban gani ba' ba abin kunya ba ne, 'yata. Amma kin kyauta da kika faɗi gaskiya kafin ruwa ya tafi da Tsohuwa."

Aka sake ɗaukar hanya. Wannan karon Tsohuwa aka sa a gaba, kowa ya bi ta da irin tafiyarta. Wani malam-buɗe-littafi ya raka su, ya gaji da jira ya yi gaba.

Da suka iso, Khalida ta riƙe rigar Ikirama. Ta ce yau Hadidja ce za ta fara taɓa ruwan, kuma na ɗazu bai shiga lissafi ba. Hadidja ta taka a hankali ta tsoma hannu, ta zama sarauniyar tafiya. Khalida ce ta ƙarshe. Ta ga ashe ruwan bai rage sanyi ba don an riga ta.

Suka yi sallah, suka buɗe tukunya. Birin Kawu ya yi ɓarna ba kaɗan ba, amma abin da ya bari ya ishi kowa.

A hanyar komawa, Baba bai ma samu damar tambaya ba. Khalida ta waiwaya a kowace mararraba, da kowace kwana, har da inda hanya take miƙe sambal. Wuyanta ya ƙage kwana uku. Ranar Litinin a makaranta, Madam, malamar ajinsu, ta tambaye ta me ya sa allo na gaba ita tana kallon baya. Hadidja ta ɗaga hannu ta ce aiki take yi, Madam, a ƙyale ta.

To yara, in an ba ku amanar dubawa, ku duba. Abin da ba ku gani ba, kada ku ce kun gani. Kuma in kuna tafiya da abokai, isa tare ya fi isa da wuri.