Ruwan Gishirin Mudi

Duk Gazawa an san Mudi da taurin kai. Da hannunsa ya haɗa rediyon da yake magana da mutanen nesa, cikin tsohon gwangwanin madara. Da rana farantin sola ya cika masa batir, da almuru ya kwashi kaya ya nufi filin bayan gidansu, don a lokacin murya ta fi nisan tafiya. Ya rataya wayar eriya a reshen gawo, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa, kullum sai ya kwarara mata ruwan gishiri don magana ta fita sarai. Matarsa Lami ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ba a zubar da ruwa da magariba babu bisimilla. Ina! Kunne ya tafi wata ƙasa.

Wata magariba ya zuba ruwan, sai rediyon ya ɗauke. Gari ya yi tsit. Can sai kukan jariri ya fito daga cikin gwangwanin, a hankali. Dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, wani ya biyo. 'Yarsu Zakiyya, da ta kawo masa buta, ta yanke jiki ta faɗi.

Ta tashi ba ita ba. Ba ci, ba magana, sai sosa idanu har suka yi jawur. Mudi ya ce zazzaɓi ne. Lami ba ta ko dube shi ba, ta aika Cadawa aka ɗauko Malam Abdurrahaman.

Malam ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa, mai tafasa da fushi.

"Ina mai ƙarfen?"

"Mi ya yi miki?" in ji Malam.

"Ya soke rufin ɗakina! Kullum gishiri cikin idon jikana. Mun yi kuka, mun yi jifa. Yana jin mutanen bayan teku, bai jin na ƙarƙashin ƙafarshi! Ido ya ɓata mana, ido zan ɗauka."

"Yarinya ba ta yi miki komi ba. Ki ji tsoron Allah. A cire ƙarfe, ki fita."

"Shi zai cire, da hannunshi. In ya sake zuba ko ɗigo, na dawo."

Mudi ya fita ya kama ƙarfen. Ƙarfen ya ƙi fitowa sai da tafin hannunsa ya tsage. Yana tumɓuke shi, Zakiyya ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ruwa."

Ya dawo da ƙarfen a hannu, kunya ta rufe shi. Lami na goge wa 'yarta fuska, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Shekara nawa ina faɗa maka ba ka jin na kusa?" ta ce. "Ashe sai aljana ta faɗa za ka ji."