Hannun Baba Na Dama

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a garin Bafarawa. Tana da wayo, amma kai, akwai ta da zargi! Ko akuya ta kalle ta sau biyu, sai ta ce aiko ta aka yi.

Mahaifinta, Malam Na'Allah, manomi ne. Wata rana ya faɗi a gona, aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da ya dawo, ƙafarsa ta warware, amma hannunsa na dama ya yi nauyi. Ko ludayi ba ya iya riƙewa. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya daina fita cin abinci da abokansa a zaure.

"Ni Na'Allah, in sa hagu cikin akushin mutane?" in ji shi. "Gara in wuni da yunwa."

Rannan sai ga wata mata bisa babur ɗin kabu-kabu, da jaka a kafaɗa. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, sunana Safiyatu, daga asibiti. Aikina shi ne in koya wa mara lafiya yadda zai koma yin abubuwansa da kansa, kamar cin abinci da sa riga da alwala."

Yarinya ta laɓe bayan rumbu tana kallo. Ba ta ga allura ba, ba ta ga ƙwayar magani ba. Matar ta naɗe hannun ludayi da tsumma har ya yi kauri. Sannan ta sa aka kawo ƙwarya biyu da ƙwallayen aduwa.

"Safe da yamma, Baba, ka riƙa kwashe su ɗai-ɗai daga wagga ƙwarya zuwa waccan, da hannun dama," in ji ta. Ta juya wurin mahaifiyar yarinyar. "Yaya, don Allah kar kowa ya ba shi abinci a baki. Ko zai zubar, a bar shi."

Tana fita, yarinya ta ruga wurin mahaifiyarta.

"Inna, wallahi wagga mata bokanya ce! Ina kinka taɓa ganin magani da ƙwallon aduwa? Kuma ga shi ana fari, ɗan kunun bai kai ya kawo ba, ta ce a bar shi ya zubar. So take yunwa ta kashe Baba."

"Rufe mani baki, uwar zargi," in ji Inna. "Ɗauki tsintsiya."

Yarinya ta ɗauki tsintsiya, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Kullum Inna takan tafi rijiya mai nisa, ta daɗe a layi. Da ta fita, sai yarinya ta juye ƙwallayen nan gaba ɗaya cikin ɗayar ƙwaryar. Sannan ta zauna ta ba Baba kunu a baki. Shi kuwa aikin yana ba shi wuya, sai ya ƙyale ta.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata," yakan ce.

Inna ta riƙa dawowa tana iske aiki ya kammala, riga kuma ba ko ɗigon kunu. Murna ta kama ta. Ta shaida wa maƙwabta cewa hannu ya samu.

Labari ya kai kunnen Ɗanmusa, aminin Baba, mai fatauci zuwa Nijar. Ya sa aka tuƙa tuwo da ɗan hatsin da ya samo, ya gayyato abokai, suka zauna a zauren Baba. Baba ya rasa yadda zai ƙi. Ya miƙa hannun dama. Yatsu suka ƙi buɗewa, hannu ya bugi kwanon miya, miya ta kife a ƙasa.

Kowa ya bi miyar da kallo. A wannan shekara miya ba abar zubarwa ba ce.

"Ba komai, Malam," in ji Ɗanmusa.

Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya juya fuska ga bango. Yarinya tana leƙe, ta ga hawaye a idon mahaifinta.

Da Malama Safiyatu ta dawo, ta duba hannun, sai ta ɗaure fuska.

"Yatsun nan sun ƙara sandarewa. Wanga hannu bai yi aiki ba. In aka ci gaba haka, zai ƙage har abada."

Inna ta riƙe baki. Baba ya sunkuyar da kai. Yarinya ta fashe da kuka.

"Ni ce, Malama! Ni ke juye su, ni ke ba shi kunu. Na zaci tsafi ne."

Malama ta dube ta, ta jawo ta kusa.

"Ƙanwata, mi ya hana ki tambaye ni? Ɗauki ƙwallo guda. Kin ga yatsun da kinka sa? Su ne na ɗaukar loma, su ne na sa maɓalli. Hannu ɗan makaranta ne. In wani yana yi masa aikin gida, yaushe zai iya?"

Yarinya ta share hawaye. "To, wanga aiki karatunsa ake yi?"

"Ƙwarai kuwa. Ki riƙe darasin kimiyya da kyau, musamman na jikin ɗan Adam. Bayan sakandare akwai makarantun da ke koyar da shi. Amma sai mai haƙuri, wanda zai iya kallon mutum yana fama bai karɓe masa ba."

"Za ni iya," in ji yarinya.

Daga ranar ta zama mai tsaron ƙwarya. Baba ya zubar da kunu, ta naɗe hannuwanta a baya, tana jin tausayi kamar ta yi kuka. Ya yi fushi, ta ba shi haƙuri. Sannu a hankali yatsu suka fara buɗewa.

Wata safiya Baba ya ce ya gaji. Yarinya ta ce, "Haba Baba, ragwanci da girmanka?"

Caraf, ya kama kunnenta ya murɗa.

"Wayyo kunnena!" Sai ta tsaya cak. "Inna! Inna, zo ki gani! Da dama ya kama ni!"

Inna ta fito da gudu, tana dariya tana hamdala. Baba bai saki kunnen ba.

"Saurara da wanga kunne, ɗiyata," in ji shi. "Abin da ba ki gane ba, ki tambaya, kar ki zarga. Kuma ba kowane taimako ne taimako ba. Yanzu je ki ce wa Ɗanmusa yau a zaure za ni ci abinci."

Yarinya ta ruga, kunne yana zafi, bakinta har kunne.