Tsatsar Baffa Ilu

Tun da sassafe na'urar take fara aiki. A ƙofar kowane bene na birnin Sabon Rafi an girke ta, doguwa kamar mutum, da ɗan kofin gilashi a ƙirjinta. Ka tofa miyau a ciki, ta yi gurnani ƙasa-ƙasa kamar tukunya na shirin tafasa, sai fitila ta kama. In kore ce, ka wuce aikinka. In ja ce, ka koma gida ka jira 'yan Hukumar Lafiya. Sunanta na takarda Ma'aunin Naitirotairosin, amma wa ke da harshen faɗin wannan? Matan unguwa suka raɗa mata Magulmaciya, don abin da ke cikin jikinka, wanda kai kanka ba ka sani ba, ita sai ta sanar da duk mai bin layi.

Dakta Saudatu ce ta ƙera ta, kuma bayaninta ba shi da wuya. Jikin ɗan Adam yana tsatsa kamar ƙarfe. Iskar da muke shaƙa ita ke raya mu, ita ce kuma ke cin mu a hankali. In ɓarnar ta yi yawa, wani ɓurɓushin naitirojin yakan manne wa furotin, wato sinadarin da aka gina tsoka da jini da shi, ya bar masa tabo. Na'urar takan zuba asid ta narkar da furotin ɗin da ke cikin miyau, ta ƙirga tabon. Wanda nasa ya yi yawa sai a ɗauke masa aiki, a kai shi Gidan Hutu, inda iska tatacciya ce, abinci na leda, kuma ba a barin mutum ya ɗaga ko buta.

To, ana cikin yabon Saudatu sai fitila ta yi wa Baffa Ilu ja. Ƙanin mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun tana marainiya. Lambu yake yi a rufin bene, kuma har zuwa lokacin, da buhun taki a kafaɗa yake hawa matakala, ya ce lifta ta ragwaye ce. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Baffa, bari in sake gwadawa," in ji Saudatu.

"A'a, Uwata. Ke kika yi ta. In na ce ƙarya take, ai ke na ƙaryata a gaban jama'a."

Ya naɗe tabarmarsa ya bi motar Hukuma.

Daga nan masu lambu suka riƙa faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Surutu ya tashi. Wasu suka ce zafin rana ne, wasu suka ce taki, wata ma har rantsuwa take wai baki aka yi musu. Saudatu dai ba ta samu natsuwa ba. Ya za a yi masu ƙarfin gari su fi kowa tsatsa?

Wata safiya ta hau rufin don ta duba shukar Baffa, sai ta tsaya tana kallon maƙwabtansa. Ruwan ban-ruwa a Sabon Rafi juyayye ne, wanda aka tace aka dawo da shi, wani lokaci yakan zo da gishiri. Saboda haka kowane mai lambu, kafin ya sauka bin layi, sai ya bi fangali-fangali yana tsinkar ganyen alayyahu da latas yana taunawa, ya ji ko ruwan ya ɓata. Nan take ta gano. Ganye cike yake da wani sinadari, naitiret, ƙwayoyin halittar da ke cikin baki kuma sukan juya shi ya zama wani daban, naitirait. Shi kuwa da ya gamu da asid, nan take yake manne wa furotin. Ashe tabon ba daga jikin mutum ya fito ba. Na'urar ce ke yin sa a cikin kofinta, sannan ta ƙirga abinta. Da aka yi mata gwajin farko, a kan 'yan ofis aka yi, masu karin kumallo da shayi da burodi.

Ta koma ɗakin bincike. Ta cire asid ɗin, ta sa wani sinadari mai narkarwa a hankali, ta kuma sa na'urar ta wanke miyau tukuna. Amma kun san Hukuma da amsa kuskure. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi wani. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, kafin aka ba ta izini.

Ranar da ta shiga Gidan Hutu da sabuwar na'ura, ta tarar da Baffa zaune yana kallon taga. Tafin hannunsa ya yi laushi kamar na jariri, wuyansa ya zurma.

"Baffa, kuskure ne. Lafiyarka ƙalau, gida za mu tafi. Tofa kawai 'yan Hukuma su gani."

Ya tofa. Fitila ta yi ja.

Ta wanke kofin ta sake. Ja. Ta ɗebi jininsa, wanda ganye bai taɓa ba, ta auna. Ja. Zaman wuri ɗaya, da abincin leda, da kewa, sun yi aikinsu.

"Wannan karon gaskiya ta faɗa?" Baffa ya tambaya.

Ta kasa ɗago kai. "Gaskiya ta faɗa, Baffa."

Ya yi 'yar dariya har da tari. "Ikon Allah. Lokacin da ba ta iya awo ba, ina da lafiyata. Yanzu da ta ƙware, ga ni."

"Ko haka ne zan fitar da kai. Ka koma lambunka."

Ya dafa kujera zai miƙe, gwiwa ta ƙi. Ya koma ya zauna, ya gyara hula.

"Bari, Uwata. Rufin ya yi nisa."

Ta tsaya da kofin a hannu tana kallon waje. A ƙasa ma'aikata na girke sababbin na'urori a ƙofar kowane bene, layi kuwa ya fi na da tsawo, don labari ya bazu cewa yanzu ba ta kuskure.